Mako Uku Tsakanin Allura da Allura: Zuciyar Mai Ciwon Daji a Garki

Maganin ja ne wur. Nas takan zuƙo shi a babban sirinji, ta sa safar hannu, ta jawo kujera kusa da mara lafiya, ta riƙa tura shi sannu a hankali ta robar ƙarin ruwa, idonta na kan jijiyar hannun, domin in ya zurare ƙarƙashin fata cin nama yake yi. Kafin a sallami mutum akan gaya masa abu uku: fitsarinsa zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada ya firgita, zai sha amai, gashin kansa zai zube. Sai a rubuta masa ranar dawowa, bayan mako uku. Doksorubisin ake kiransa, wasu sun fi saninsa da sunan kamfani, Adriamycin, kuma yana cikin magungunan da aka fi dogara da su a Najeriya wajen yaƙar ciwon dajin mama, da na kaluluwa, da wasu na yara.

Akwai abu na huɗu da cunkoson layi kan sa a taƙaita shi ko a tsallake shi ɗungurungum: wannan magani, da wasu ’yan uwansa, suna taɓa zuciya. Wani lokaci naman zuciyar suke raunanawa, wani lokaci kuma bugunta suke rikitawa, ta yi sauri fiye da ƙima, ko ta yi nawa, ko ta riƙa tsallake bugu.

Ga mutumin Garki wannan batu yana da nauyi na daban. Garki ƙaramar hukuma ce a masarautar Ringim ta jihar Jigawa, ƙasar gero da dawa da riɗi da gyaɗa. Wanda aka ga alamar ciwon daji a jikinsa a nan, hanyarsa takan bi ta asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko ya zarce Kano asibitin Malam Aminu Kano; in kuma abin ya kai ga gashi, wato gasa ciwon da na’ura, akan ji sunan asibitin Shika a Zariya. Ko ina aka yi masa allurar, lissafin ɗaya ne. Awa uku ko huɗu zai yi a hannun ƙwararru, sauran kwana ashirin yana gida, inda mai kemis na unguwa da ma’aikacin ƙaramin asibiti ba su san abin da aka zuba masa a jijiya ba, shi kansa ma bai san sunansa ba. Kuma rikicin bugun zuciya sau da yawa a cikin kwanakin nan ashirin yake samun ƙofa.

Lissafin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu ciwon a Najeriya sun kusa 128,000 a shekara, waɗanda suka rasu sun kusa 80,000, kuma na mama ne a kan gaba da mutum sama da 32,000. Mafi yawan matan sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Don haka tun da wuri a faɗi gaskiya: abin da ke kashe mutanenmu shi ne ciwon da jinkirin zuwa da guduwa daga magani a tsakiya. Akasarin waɗanda suka sha allurar sukan gama ba tare da zuciyarsu ta ba da matsala mai tsanani ba. Wanda ya karanta wannan ya ce da matarsa ta daina zuwa, ya cuce ta. Abin da ake nema shi ne tsirarun da abin zai shafa kada su tafi a kan abin da takarda ɗaya da gwaji ɗaya za su iya tarewa.

Yadda zuciya ke riƙe kiɗanta

Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama, biyu a ƙasa. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke tayar da tartsatsin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. Tartsatsin ya ratsa ɗakunan sama su matse, ya ɗan dakata a wata mahaɗa a tsakiya, sannan ya gangara ɗakunan ƙasa su matse su tura jini huhu da sauran jiki. Haka abin yake tafiya kusan sau 100,000 a yini. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san yadda lamarin yake: kowace taɓarya da lokacin saukarta da lokacin tashinta, kuma da zarar ɗaya ta sauko kafin ta gabanta ta fita, sai karo, daka ta tsaya.

Bayan kowane bugu ɗakunan ƙasa suna buƙatar ɗan lokaci su sake shiri. Wannan shirin da gishirin jini ake yinsa, musamman sinadaran fotashiyam da magniziyam da kalsiyam, waɗanda ke shiga da fita ta ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin zuciya. Lokacin da bugu da sake shirin ke ɗauka shi likitoci ke kira tazarar QT, kuma a kan takardar gwajin ECG ake auna shi. A mai lafiya bai kai rabin sakan ba. In ya kai rabin sakan ko ya haura, akwai haɗarin wani bugu ya faɗo kafin shiri ya kammala, ɗakunan ƙasa su ɓalle da wani irin gudu mai murɗewa wanda likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966. Mai shi yakan ji jiri, ya yanke jiki ya faɗi. Wani ya farfaɗo bayan ’yan sakanni, a yayyafa masa ruwa a ce yunwa ce ko iska ce ta buge shi. Wani ba ya tashi.

Ɗaya rikicin da aka fi gani a ɗakunan sama yake. Maimakon su matse gaba ɗaya, sai su riƙa karkarwa, bugun jijiya ya zama ba tsari, wani da ƙarfi wani a raunane, wani kusa wani nesa. Wannan ba ya kayar da mutum nan take, amma jini yakan kwanta ya daskare a lungun zuciya, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau biyar. A mai ciwon daji likita yakan shiga tsaka mai wuya, domin maganin tsinka jinin da zai hana gudan yana iya jawo zubar jini ga wanda allura ta riga ta rage wa ƙwayoyin da ke tsayar da jini.

Kowane magani da irin halinsa

Asalin jan maganin nan ƙasa ce. Masu binciken kamfanin Farmitalia na Italiya sun samo wata ƙwayar halitta a ƙasar yankin Apuliya, suka fitar da daunorubisin daga cikinta, daga baya a shekarun 1960 aka samu doksorubisin daga wani reshenta. Amurka ta amince da shi a 1974. Bai daɗe ba likitoci suka lura cewa zuciya tana riƙe lissafin duk abin da aka zuba. Ana auna maganin ne da faɗin jikin mutum, wanda ake fitarwa daga tsawonsa da nauyinsa, kuma jimillar da ya sha a tsawon rayuwarsa ita ce abin dubawa. Wani nazari da Sandra Swain da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa kashi 5 cikin 100 na waɗanda jimillarsu ta kai miligiram 400 a kan kowace murabba’in mita sukan samu gazawar zuciya, a 550 adadin ya kai kashi 26, a 700 ya kai kashi 48. Macen da aka yi wa zagaye huɗu na miligiram 60 tana da 240. Wadda aka yi wa shida na 50 tana da 300. Duka biyun suna ƙasa da bakin rami. Amma a ce ciwon ya dawo bayan shekara biyu, ta tafi wani asibiti, takardun farko sun ɓace ko gara ta ci, sabon likita ya fara ƙirga daga sifiri. A nan ake samun ɓarna, kuma ba wanda ya yi niyyar mugunta.

Rikicin bugu daga wannan magani iri biyu ne. Akwai na ranar allura ko washegari, zuciya ta yi ta dukan uku-uku ko ta tsallake bugu, wanda galibi yakan wuce da kansa. Akwai kuma na baya, wanda ke zuwa saboda naman zuciyar ya yi rauni ya saki. A birnin Milan likitar zuciya Daniela Cardinale ta bi mutum 2,625 da suka sha irin waɗannan magunguna, ta wallafa a 2015 cewa kashi 9 cikin 100 ƙarfin zuciyarsu ya ragu, kuma kashi 98 na waɗannan a cikin shekarar farko bayan gama magani abin ya bayyana. Wani aikinta na 2010 ya nuna cewa in aka fara ba da magungunan zuciya na yau da kullum, irin su enalafril da kabedilol, cikin wata biyu da gama allura, kusan biyu cikin uku sukan farfaɗo; in aka haura wata shida, ba a ga wanda ya koma daidai gaba ɗaya ba. Shekarar farko bayan gama allura kuwa ita ce shekarar da mutumin ƙauye ke cewa an gama, kuɗin mota ya ƙare, an sayar da akuyar ƙarshe, ba zai koma don a ɗora masa na’ura a ƙirji kawai ba.

Sauran magungunan kowanne da nasa. Faklitaksel, wanda ake yawan bi da shi bayan jan maganin, yakan rage gudun zuciya a lokacin da ruwan ke shiga, galibi ba tare da mai shi ya ji komai ba. Fuloroyurasil da ƙwayarsa ta sha, kafesitabin, da ake bayarwa a ciwon hanji da na mama, suna iya sa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su tsuke, mutum ya ji ƙirjinsa kamar an ɗaure, wani lokaci bugu ya rikice; kuma tun da ƙwayar a gida ake shanta safe da yamma, a gida ciwon ƙirjin zai same shi, a ce masa olsa ce. Sisfilatin, na ciwon bakin mahaifa da na mafitsara, ta ƙoda yake biyowa: yana sa ta zubar da magniziyam, in magniziyam ya tafi fotashiyam ya bi shi. Herceptin, ga wadda ta iya sayensa, yana rage ƙarfin matsawar zuciya, shi ya sa ake son hoton zuciya na eko duk wata uku.

Har maganin hana amai bai fita ba. Ondansetiron, wanda ya sauƙaƙa wa miliyoyin mutane azabar allura, yana tsawaita tazarar QT gwargwadon yawan da aka bayar. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta janye allurarsa ta miligiram 32 a lokaci guda, aka tsayar da iyaka a 16. Shi kaɗai a ƙa’idarsa ba ya cika yin illa. Matsalar tana zuwa ne in ya tarar da jini ba gishiri, kuma wasu magunguna biyu masu irin halinsa sun riga shi shiga.

Kwana ashirin a gida

A ɗauki mace da ta dawo Garki daga allura ta biyu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Kwana uku tana amai, bakinta ya yi gyambo, ko koko ba ya wucewa sosai. Zawo ya biyo. Duk amai da duk zawo fotashiyam da magniziyam suna fita. In azumi ne, ga kunyar a gan ta tana ci da rana, ko da yake malamai sun sha bayyana rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya. Ƙafarta ta ɗan kumbura, wata maƙwabciya ta kawo mata Lasix ragowar na mijinta, maganin da ke sa fitsari yana kwashe fotashiyam. A rana ta tara zazzaɓi ya rufe ta. Ƙaninta ya hau babur zuwa kemis.

“Malam, Yaya ce ba lafiya, zazzaɓi da amai.”

“Maleriya ce da taifot. Kawo kuɗi in haɗa mata.”

Sai a ƙulla masa leda: maganin zazzaɓin cizon sauro, da sifrofuloksasin na taifot, da ƙwayar hana amai, wataƙila da fulukonazol saboda farin da ya fito mata a baki. Kusan kowanne a cikin ledar nan yana cikin jerin magungunan da aka san suna iya tsawaita tazarar QT, haka ma eritromaisin da azitromaisin da ake sha kamar gyaɗa in mura ta kama. Mai kemis bai yi abin da ba ya yi kullum ba, kuma ga mutum ɗari masu lafiya ledar ba za ta yi komai ba. Bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba, domin a gidaje da yawa ɓoye ciwon daji ake yi, a ce “ciwon nan” ko “lalurar nan”, kada dangin miji su ji, kada ’yan matan gidan su rasa manema.

Shi kansa zazzaɓin rana ta tara abin tsoro ne tun kafin a zo ga zuciya. Tsakanin rana ta 7 da ta 14 bayan allura ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sukan faɗi ƙasa warwas. Zafin jiki da ya kai maki 38 a wannan tsakani, tare da bugun zuciya mai sauri, yana iya zama cuta ce ta shiga jini, kuma awoyi ake ƙirgawa. Wannan na asibiti ne a daren, a gwada jini, a gwada maleriya, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. In gwaji ya nuna maleriya, a ba da magani ba tare da jinkiri ba. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba tasirin magungunan maleriya a kan zuciya, rahotonsa na 2017 bai ga ƙarin mutuwar fuju’a daga waɗanda ake amfani da su yanzu ba in an sha su a ƙa’ida. Wanda ya yi ƙaurin suna shi ne halofantirin, wato Halfan da aka sha a nan a shekarun 1990, wanda tun 1993 aka gano illarsa ga zuciya a kan iyakar Tailan. Kwinin ma yana buƙatar kulawa. Abin gudu shi ne tara magani huɗu a kan jinin da ya bushe, ba tare da wani ya san an tara ba.

Akwai kuma matsalar yadda ake faɗin ciwon. Mace za ta ce “gabana ne yake ta faɗuwa”, ko “zuciyata tana tsinkewa”, ko “ƙirjina yana lugude”. Mai ciwon daji kuwa kowa ya san tana cikin fargaba, don haka amsar a shirye take: “Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, tunani ne.” Sau da yawa tunanin ne. Wani lokaci ƙarancin jini ne, wani lokaci ƙishirwa, wani lokaci goro da shayi mai kauri a kan cikin da ba komai. Amma ba a rabe ɗaya daga ɗaya da kallon fuska. A ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a duba agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cur. Ɗan aji shida na firamare zai iya. In mutum yana kwance a huce aka samu sama da 120, ko ƙasa da 50, ko bugun ba ya bin tsari, a tafi asibiti a ranar. In akwai suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana gagara in an kwanta, ba a jiran gari ya waye.

Zuciyar da ta zo da gajiyarta

Littattafan da aka rubuta a Turai suna ɗaukar mai ciwon mama a matsayin mace da ta haura sittin. A asibitocinmu sau da yawa ’yar arba’in ce da wani abu, wani lokaci ma da goyo a bayanta, ta haihu bakwai ko takwas. Ƙasar Hausa kuwa tana cikin wuraren da aka fi samun gazawar zuciya ta bayan haihuwa a duniya. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana ta a Zariya, kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. A Sakkwato an samu adadi kusan irin wannan a wani nazari na 2007. Farfesa Kamilu Karaye na Jami’ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano ya shafe shekaru yana bin ciwon; ayyukansa sun nuna cewa laifin bai tsaya a kan al’adun jego yadda aka zata ba, sun kuma jawo hankali ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam.

Ko mene ne sanadin, ma’anarsa ga ɗakin allura a fili take. Cikin matan da ke zaune a layin jan maganin akwai wadda ta taɓa kumbura bayan haihuwa ta huɗu, aka ba ta magani ta warware, ta manta. Ba za ta ambata ba sai an tambaye ta da kalmomin da ta sani: “Inna, kin taɓa yin kumburi da haki bayan haihuwa?” Ga hawan jini da mutane da yawa ke yawo da shi ba su sani ba. Ga ciwon ƙoda, wanda yankin Haɗeja ya daɗe yana kuka da shi, kuma wannan yana juya shawarar abinci gaba ɗaya. Ga mai lafiyayyar ƙoda, dabino da ayaba da wake da dankali da zogale suna taimakawa wajen mayar da fotashiyam, ruwan gishiri da sukari na leda yana mayar da abin da zawo ya kwashe. Ga mai raunin ƙoda, fotashiyam taruwa yake yi, kuma yawansa yana tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke rikita ta. Shi ya sa gwajin gishirin jini da na ƙoda kafin kowane zagaye ba almubazzaranci ba ne, ko da ’yan rakiya suna ganinsa a matsayin wata hanyar tatsar kuɗi.

Ƙa’idojin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2022, na farko da ta keɓe kacokan ga zuciyar masu ciwon daji, sun ce a yi wa kowa ECG kafin a fara maganin da ke iya taɓa zuciya, a yi eko ga wanda za a ba jan maganin. ECG ba wani abin a zo a gani ba ne. Mutum ya kwanta, a manna masa wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, a ce kada ya motsa kada ya yi magana, cikin minti biyar takarda mai ƙananan gidaje ta fito da zanen tsaunuka da kwaruruka. Ba allura, ba zafi, kuma wayoyin karanta lantarkin jiki suke yi, ba sa shigar da wuta, abin da ya kamata a faɗa wa tsohuwa kafin ta ga waya ta ƙi kwanciya. Willem Einthoven ya samu kyautar Nobel a kan na’urar tun 1924. Yau akwai masu aiki da batir, kuma ana iya ɗaukar hoton takardar da waya a tura wa likitan zuciya a Dutse ko Kano ta WhatsApp ya karanta. Amfanin takardar farko shi ne a samu abin gwadawa da ta biyu. In ba a san yadda tazarar take kafin magani ba, da wuya a ce maganin ne ya tsawaita ta.

Ƙasar da aka taɓa rubuta kowa

Wanda ya ce bin diddigin mara lafiya a ƙauye ba zai yiwu ba, Garki ce wurin da bai kamata ya faɗi haka ba. Daga 1969 zuwa 1976, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da binciken maleriya a nan wanda har gobe ake koyar da shi a jami’o’in duniya. An fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, an raba ƙwayoyi gida-gida, kuma a zaɓaɓɓun ƙauyuka irin su Sugungum da Rafin Marke ana bin dubban mutane ɗaya bayan ɗaya, ana ɗibar jinin yatsa duk mako goma, ana rubutawa a gaban sunan kowa. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi a 1980. Binciken bai kawar da maleriya ba, ya ma nuna cewa feshi da ƙwaya kaɗai ba za su yanke ta a irin wannan ƙasa ba. Amma an yi shi ba wayar hannu, ba kwalta zuwa ƙauyukan, da biro da kati da ma’aikata ’yan ƙasa da suka san gidan kowa.

Masu shan allurar ciwon daji a ƙaramar hukuma guda ba su kai ko kusa da wannan yawa ba. Abin da kowannensu ke buƙata kati ne da zai zauna a jakarsa tare da katin zaɓe: sunan magungunan da aka yi masa da ranakun, jimillar jan maganin zuwa yau, tazarar QT ta ranar farko, sakamakon fotashiyam na ƙarshe, ’yan magungunan da ba a so a haɗa masa ba tare da tambaya ba, da lambar wayar da za a ɗauka da dare. Da Hausa da Turanci, domin mai kemis da ɗan rakiya su karanta. A ganina wannan ya fi gaggawa a kan kowace sabuwar na’ura da za a yanke kyalle a buɗe. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa da dokar 2017, ta kuma buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda ya fara da asibitoci shida, Shika da Gombe a cikinsu. Tallafi irin wannan yakan kalli kuɗin maganin da na gashi. Kuɗin motar dawowa a yi eko bayan an gama, wanda aikin Milan ya nuna a nan ake ceto zuciya, daga aljihun manomi yake fita.

Akwai kuma abin da ya riga ya iso. Maganin farko na wancan gudu mai murɗewa da ke kayar da mutum shi ne magniziyam salfet, giram 2 ta jijiya, tare da gyara fotashiyam da dakatar da duk maganin da ya jawo. Wannan ruwa ba baƙo ba ne a asibitocin Arewa. Shi ne ake yi wa mai ciki in jijjiga ta kama ta, kuma tun da jihar Kano ta yaɗa shi a manyan asibitocinta a 2008 ungozomomi da nas-nas na ɗakin haihuwa suka goge da shi. A babban asibiti na ƙaramar hukuma, in aka kawo mace da ta suma kwana goma bayan allura, maganin yana iya kasancewa a ɗakin haihuwa, ’yan taku kaɗan daga ɗakin gaggawa. Sai dai likitan da ke aikin dare ba zai aika a ɗauko ba sai ya ga takardar ECG, kuma ba zai nemi ECG ba sai wani daga cikin ’yan rakiya ya buɗe baki ya ce, “Likita, allurar ciwon daji ake yi mata a Kano, yau kwana goma.”